Kazar Shaida

A Kukar Sambo, arewa da Ɗambatta, gonaki sun matse gidaje har ba ka gane inda dangar wani ta ƙare geron maƙwabcinsa ya fara. Shi ya sa mutanen garin duk suka haƙura da kiwon zabi, domin zabo bai san iyakar gona ba, kuma rigimar da yake jawowa ta fi namansa yawa. Safara'u, matar Malam Sabiru, ita kaɗai ta ƙi haƙura. Duk damina tana zagaya gidajen maƙwabta da ƙwai a ƙwarya, wannan goma wancan ashirin, sai bakin kowa ya mutu. Idan ka ji ihu a kan tsamiyar bayan gari da magariba, zabinta ne, kuma in ka tsaya gaishe ta za ta sanar da kai hakan tun kafin ka tambayi lafiyar yara.

Ƙwan ƙyanƙyasa take sayarwa, ba na ci ba. Zabinta na zuba ƙwai a ɓoye cikin gona, ita kuma ta san kowane gurbi. Da dogon ludayi take ɗebowa, don a wurin mahaifiyarta ta koyi cewa zabuwa in ta ji warin hannun mutum sai ta sauya gurbi. A da, dillalan kasuwar Ɗambatta take kai wa. Su karɓa su ce sai wani mako, wani makon ya zo su ce rabi ya fashe a hanya, kai ka rantse ƙwan zabo da takarda aka yi shi.

Sai ga Jamil, mai shagon cirar kuɗi a bakin tasha, ya zama wakilin wata manhajar saye da sayarwa da ake kira Rumfarmu. Shi ya buɗe mata rumfa a wayarta. Tsarin ba wuya. Mai saye ya biya, manhajar ta riƙe kuɗin a tsakiya. Safara'u ta kai kaya shagon Jamil, a ɗauki bidiyo ana shiryawa, mota ta kai wa wakilin unguwar mai sayen. In ya buɗe ya ga kaya lafiya ya danna cewa ya karɓa, sannan kuɗi su faɗo mata. Ba mai ganin lambar wani, ba mai sanin gidan wani.

A daminar farko wani mutum a Kano ya ce rabin ƙwan ya iso a fashe. Aka duba bidiyon shiryawa da na buɗewa, ko tsagewa babu, aka sakar mata kuɗinta. Mutumin ya cika saƙo da zagi, ya ce sai ya zo har gida ya nuna mata ko shi wane ne. Safara'u ta kwana biyu tana leƙen ƙofa, kafin Jamil ya tabbatar mata ko sunan ƙauyenta mutumin bai sani ba. Tun daga ranar ba ka isa ka zagi Rumfarmu a gabanta ba. Da damina ta uku ta kama, an manna wa rumfarta koren tambari, alamar wanda kayansa ba su taɓa dawowa ba. Mai tambari shi ake fara gani idan an nemi ƙwan zabi. Ta nuna wa kowa a gidan suna da gidan biki, har Malam Sabiru ya ce wanda bai sani ba sai ya ɗauka kujerar Makka ta samu.

Akwai kuma abin da manhajar ba ta sa ta ba. Duk ƙwan da za ta aika, sai ta ware kaɗan daga ciki ta sa wa wata jar kazarta ta kwanta a kai. Kazar ba ta da wani kyau, wuyanta a fige, amma in ta hau kwanci ko wuta ake yi ba ta tashi. Malam Sabiru ya raɗa mata suna kazar shaida. Safara'u ta ce ya yi ta tsokana, ita dai ba ta iya barci a kan abin da ta sayar ba ta san ƙarshensa ba.

Wannan daminar, Zulaihatu 'yarta ta haihu a Bichi, ta tafi zaman jego. Tana can Malam Sabiru ya kira ya ce gero na neman taki, hannunsa kuma babu komai. Ta ce ya kama wasu daga cikin zabin ya kai kasuwa. Ta dawo bayan makonni, kanta cike da labarin jika, ta tarar zabin sun ragu kamar yadda aka yi magana, gurabe kuma cike da ƙwai. Ba ta tsaya sauraron kukansu a kan tsamiya ba, domin ciniki mafi girma da ta taɓa samu na jiranta a waya.

Kiret uku wata mata ke so, mai suna Hajiya Amsa, daga Rijiyar Zaki. Saƙon murya ta turo, doguwar magana da alamar ba ta da mai hira a gida.

“'Yar'uwa, ni unguwarzoma ce, na yi ritaya bara. Iyayena mutanen Borno ne amma a Kano aka binne cibiyata. Na sayi ɗan injin ƙyanƙyasa don kar zama ya kashe ni. Na gwada da ƙwan da na saya a bakin titi, ko ɗaya bai fito ba. Yarana sai dariya suke yi mini, wai na shekara talatin ina karɓar haihuwar mutane amma ƙwai ya gagare ni. Babban ya ce in sayar da injin in huta. Na ce a bar ni in sake sau ɗaya. Na ga koren tambarinki, shi ya sa na zo wurinki. In wannan ma bai yi ba, to hannuna ne ba shi da kyau, sai in haƙura.”

Safara'u ta saurari saƙon sau biyu, matar ta shiga ranta. Ta zaɓi sabbin ƙwai na kwanan nan, ta shimfiɗa ƙaiƙayi a kwali, ta ƙara gyara a sama. Ta ware na jar kaza kamar kullum. Washegari Hajiya Amsa ta danna cewa ta karɓa lafiya, ta ba da taurari biyar, ta rubuta addu'a a ƙasa. Kuɗi suka shigo, manhajar ta rufe cinikin tare da hanyar saƙon da ke tsakaninsu.

Bayan kamar mako biyu, da hantsi, Safara'u ta ɗebo ƙwan daga ƙarƙashin kazar, kazar na saran hannunta. Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa da taga, ta ɗora na farko a bakin fitilar waya. Ƙwan da ke da ɗa a ciki jijiyoyi yake nunawa, jajaye, kamar saiwar albasa. Wannan fayau yake. Ta ɗauki na biyu, haka. Na uku, haka. Cikin goma sha biyun da ta sa, ɗaya ne tak ya nuna rai. Ta zauna a bakin gado.

Ba ta zargi kazar ba, ta san halinta. Ta fita ta nufi gona inda zabin ke kiwo a tsakanin kunyoyin gero, ta tsaya ta kasa kunne. Namijin zabo da macen kamarsu ɗaya a ido, a kuka ake raba su, mace na yin nata kashi biyu, namiji kashi ɗaya. Duk inda ta juya kukan mata take ji. Sai can daga gefen rijiya wani namiji ya amsa, shi kaɗai.

Malam Sabiru na duƙe yana maimai a ƙarshen gonar. Ta je ta tsaya a kansa.

“Malam, zabin da ka kai kasuwa, waɗanne ka kama?”

Ya miƙe yana share gumi, fuskarsa a sake, irin ta mutumin da ya daɗe yana jira a yaba masa.

“Ai na yi miki dabara. Kwana na yi ina sauraronsu ina ɗaure wa mazan zare a ƙafa. Ban taɓa miki mai ƙwai ko ɗaya ba. Mazan na kwashe, tun da ci kawai suke yi.”

“Duka?”

“Na bar miki ɗaya. Ƙato ma kuwa.”

“Malam, zabo ba zakara ba ne. Zakara ɗaya ya ishi kajin gida. Zabo matarsa yake bi, in ya yi yawa biyu ko uku. Sauran duk ƙwan banza suke zubawa.”

Fartanyar ta sulale daga hannunsa. Shekara talatin da aure, bai taɓa sa kansa a harkar zabinta ba sai wannan karon, kuma don ya kyauta mata ya yi. Wannan ne ya hana ta faɗa. Ta ga yadda ya tsaya kamar yaron da ya fasa tulu, sai tausayi ya kama ta a kan haushin.

“Ƙwan Hajiyar nan ta Kano,” in ji shi a hankali.

“Shi nake tunani. Tana can tana ƙona fetur a janareta duk lokacin da aka ɗauke wuta, tana juya baragurbi safe da yamma.”

Ko abincin rana ba su tsaya ci ba, ya goya ta a babur sai Ɗambatta. Shagon Jamil cike yake da masu cirar kuɗi. Suka jira a benci har ya sallame su, sannan ta ba shi labari tun daga kazar har zuwa zaren ƙafa. Malam Sabiru na gefe yana kallon silin.

“Lambarta nake so, ɗan nan,” in ji Safara'u. “In kira ta in gaya mata, in tura mata kuɗinta ta asusunta, shi ke nan.”

“Inna, ni ma ba ni da ita. Lambar kwali kawai nake gani.”

“To kira wakilin Rijiyar Zaki. Ai shi ya miƙa mata kayan.”

Jamil ya kira don kar ta ce ya ƙi. Ya sa a bayyane kowa na ji. Wakilin ya saurara har ƙarshe, ya ce ya tausaya, amma ko mahaifiyarsa ce ta tambaya ba zai ba da lambar mai saye ba, kuma ba ya kai saƙon baki, a kan haka ake ƙwace wakilci. Safara'u ta yi tsaki, ta fara cewa wace irin doka ce wannan.

“Ita ce wadda ta hana mutumin nan na shekaran bara sanin gidanki,” in ji Jamil.

Malam Sabiru ya ce shi zai tafi Rijiyar Zaki ya bi gida-gida yana tambayar unguwarzoma mai suna Amsa. Jamil ya tambaye shi ko ya taɓa zuwa Rijiyar Zaki. Ya ce a'a. Jamil ya ce to ya ɗauki guzurin wata guda.

“Yanzu ba inda mai sayarwa zai kai ƙarar kansa?” in ji Safara'u.

Jamil ya yi dariya, sannan ya ga ba wasa take yi ba. Ya karɓi wayar ya duba, ya juyo mata da ita.

“Hanya ɗaya ce. Ga shi nan, mayar da kuɗi saboda kaya ba su da kyau. In kin danna, kuɗin za su koma mata, dalilin da kika rubuta zai je mata. Amma zai kuma fito a rumfarki kowa ya karanta. Ciniki mai girman wannan kuwa, tambarinki zai tafi nan take. Sai bayan wata uku ake sake dubawa.”

Wata uku. Kafin nan damina ta wuce, zabi sun daina ƙwai.

Jamil ya jawo kujera ya zauna kusa da ita, ya rage murya.

“Inna, bari in gaya miki gaskiya. A dokar manhaja ba ki da laifi. Ƙwai kika ce za ki aika lafiyayye bai fashe ba, kin aika, ta duba ta danna. Ba wanda ya yi alkawarin ƙyanƙyasa. Ko ta kai ƙara yanzu ba za a saurare ta ba, lokaci ya wuce. Wannan kariyar ke aka yi wa ita. Kuma kin ji da kunnenki, ta ce in bai yi ba kanta za ta zarga. Ba za ta ma yi ƙarar ba.”

Safara'u ta san duk abin da ya faɗa haka yake. Ta kalli ɗan koren tambarin a saman sunanta. Tana son abin nan, ba ta jin kunyar faɗa. Damina biyu ta yi tana tashi kafin zabi su sauko daga tsamiya, tana bin raɓa da ludayi, kafin ta same shi. Shi ya raba ta da zaman jiran dillalai a rana. In ta yi shiru ba wanda zai sani sai ita da mijinta da Jamil da wakilin nan da jar kaza. Ta ji zuciyarta na lallashinta, har ta fara lissafin cewa ai injin ma yana iya yin nasa laifin.

Sai maganar Jamil ta ƙarshe ta dawo mata, kuma ita ce ta tsaya mata a rai. Matar da ta karɓi 'ya'yan mutane shekara talatin za ta zauna a gaban inji, ranar ƙyanƙyasa ta zo ta wuce, ta kalli hannunta ta ce shi ne mara kyau. 'Ya'yanta su ce da ma sun faɗa.

“Abin da ya sa ba za ta yi ƙara ba, shi ne abin da ya sa zan danna,” in ji ta. “Rubuta mini dalili.”

“Mu ce an samu kuskure a kaya. Ya isa.”

“Bai isa ba. Rubuta yadda zan faɗa.”

Ta gyara mayafi kamar matar na gabanta.

“Hajiya Amsa, Safara'u ce mai ƙwan zabi. Yawancin ƙwan da na aika miki ba ɗa a ciki, domin mazan zabina sun ƙare ban lura ba. Laifin daga wurina yake, ba daga injinki ko hannunki ba. Kar ki kashe injin. Ki shiga ɗaki mai duhu ki haska kowane ƙwai da fitilar waya. Wanda kika ga jan jijiya a ciki ki mayar, yana da rai. Wanda yake fayau ki cire. Ga kuɗinki, ki yafe mini fetur ɗin da kika ƙona.”

Malam Sabiru ya yi gyaran murya ya ce a rubuta cewa shi ya sayar da mazan. Ta ce rumfar da sunanta aka buɗe, ba da nasa ba. Kuɗin da ke asusunta bai kai ba, don an taɓa shi a hidimar jego. Malam Sabiru ya fita, ya nufi wurin wani mahauci da ya daɗe yana zawarcin tunkiyarsa, suka yi ciniki, ya dawo ya ajiye wa Jamil cikon. Safara'u ta danna da babban yatsanta. Wayar ta ɗan yi tunani, sannan wurin da tambarin yake ya koma fari. A kan babur, a hanyar gida, ta yi kukanta a bayan mijinta, shi kuma ya yi kamar iska ce ta hana shi ji.

Abin da Jamil ya faɗa bai faɗi ƙasa ba. Rumfarta ta gangara can ƙasa inda ba mai zuwa. Malam Sabiru ya bi ƙauyuka ya sayo mazan zabi da ragowar kuɗin tunkiya, amma kafin su saba da garken har ƙwai ya gyaru, sai an jira. Ƙwan da ke hannu kuwa na ci ne kawai. Safara'u ta koma kasuwar Ɗambatta da ƙwarya, ta zauna a layin masu ƙwai kusa da masu dafawa suna sayarwa da yaji. Labari ya riga ta isa. Dillalan da ta guje wa suka riƙa wucewa suna gaishe ta da matar da ta kai ƙarar kanta. Ta amsa musu da fara'a, in ta koma gida abin ya ci ta. Daga Rijiyar Zaki kuwa shiru, don manhajar ba ta buɗe hanyar amsa ba. Ba ta san ko saƙon ya isa a kan lokaci ba, ko matar ta karanta ta tsine mata ta kashe injin.

Jar kaza dai ta fito da ɗanta ɗaya, tana yawo da shi a tsakar gida tana hura hanci.

Wata ranar kasuwa, rana ta take, wayarta ta yi ƙara. Jamil ne.

“Inna, ga wata Hajiya a shagona daga Kano, ta ce sunanta Amsa. Sunan shagona ta gani a jikin kwalin ƙwan, tana neman inda kike. Na ce sai na tambaye ki. In nuna mata?”

Ta tuna fetur, ta tuna mutumin shekaran bara. Ta kalli dillalan da ke zaune a rumfar gefe, waɗanda za su ji komai.

“Nuna mata,” in ji ta.

Doguwar mata ce, baƙa, da tabarau, ta lulluɓe da lafaya ruwan toka. Tana riƙe da kwali mai huji-huji a ƙirjinta, ta ƙi bai wa kowa ya ɗaukar mata. Ta tsaya a gaban ƙwaryar ta dubi Safara'u sama da ƙasa.

“Ke ce Safara'u?”

“Ni ce, Hajiya. Sannu da hanya. Ki yi haƙuri da abin da...”

“Matsa mini in zauna, gwiwata ba ta son tsayuwa.”

Ta zauna a kan tabarmar, ta ajiye kwalin tsakaninsu ta buɗe. 'Yan tsakin zabi ne a ciki, masu zane a ka, suna ta tsiwa suna hawa kan juna.

“Tara na samu masu jijiya,” in ji Hajiya Amsa. “Na yi yadda kika ce. Tara na mayar, tara suka fito. Ko ɗaya bai mutu a ƙwai ba.”

Ta faɗi haka da ƙarfi, yadda na rumfar gefe za su ji, tana kallon 'yan tsakin bakinta ya ƙi rufuwa. Safara'u ta sa hannu ta ɗauki ɗaya, ta ji ɗuminsa a tafinta.

“Ashe hannunki na da kyau, Hajiya.”

“Na sani yanzu. Ranar da saƙonki ya shigo, na riga na yi magana da wanda zai sayi injin, don na fara jin wari a ciki. Na ce shi ke nan, tsufa ya zo, abin da na iya ya ƙare a asibiti. Da kin yi shiru, 'yar'uwa, har in mutu ba zan kawo ki a raina ba. Taurari biyar na ba ki.” Ta cire tabarau ta goge da gefen lafaya. “Da suka fara fasa ƙwai na kira babban ɗana na ce ya baro ofis ya zo ya gani. Ya tsaya yana ɗaukar bidiyo kamar bai taɓa ganin tsuntsu ba.”

Ta tura kwalin gaban Safara'u.

“Kin mayar mini da kuɗin duka. Waɗannan ban biya su ba, naki ne.”

“Wallahi ba zan karɓa ba. Fetur ɗinki ya fi su.”

“Ni ma ba zan koma da kayan da ban biya ba.”

Suka yi ta turawa, kwalin na zuwa yana dawowa, har masu dafaffen ƙwai suka bar ciniki suna kallo. Ɗaya daga cikin dillalan ya taso ya leƙa, ya ce shi tun da yake a kasuwar nan bai taɓa ganin mai saye da mai sayarwa na rigima kowa na neman a cuce shi ba. Ba wanda ya kula shi. A ƙarshe Safara'u ta ce tsakin da aka haifa a hannun unguwarzoma ba a raba shi da ita, Hajiya Amsa ta yi dariya ta haƙura, da sharaɗin a kai ta ta ga kazar da Jamil ya ba ta labari.

Suka hau mota zuwa Kukar Sambo. Malam Sabiru ya fito ya ga baƙuwa, ya ji sunanta, ya nemi hanyar komawa gona. Hajiya Amsa ta tsayar da shi ta gaishe shi da kyau, ta ce ta ji shi ne mai dabarar zare. Ya sosa ƙeya ya ce ya tuba, yanzu ko gashin zabo ya gani a ƙasa tsallakewa yake yi.

Mazan da ya sayo sun riga sun kama mata, kowa da tasa. Safara'u ta kai baƙuwarta gona ta nuna mata gurbi a ƙarƙashin wata sabara, ta miƙa mata ludayin. Hajiya Amsa ta fito da wayarta ta nemo rumfar, sai da ta gangara can ƙasa kafin ta same ta, babu tambari, dogon bayanin laifin na nan a sama kowa na gani. Ta sayi kiret uku, ta biya ta manhaja, ta ce a kai shagon Jamil a yi bidiyo kamar kullum.

“Ga ki ga ni, Hajiya, da kin ɗauka kawai,” in ji Safara'u.

“A'a. Ina so a rubuta a ƙarƙashin wancan bayanin cewa wadda aka mayar wa kuɗi ita ta fara dawowa.”

Safara'u ta juya kai kamar tana neman wani abu a cikin gero, don kar a ga idonta. Tambarin ba zai dawo ba sai zabi sun daina ƙwai, daminar bana ta tafi, ta san haka. Amma tun da aka buɗe mata rumfar nan ba ta taɓa jin alfahari da sunanta kamar na wannan yammacin ba.

Da suka koma gida ta ajiye ƙwaryar a gaban akurki. Wata baƙar kaza ce ke kwanci yanzu, jar na gefe da ɗanta tana harararsu.

“Zaɓi na shaida da hannunki, Hajiya,” in ji Safara'u.

Hajiya Amsa ta naɗe lafaya, ta durƙusa duk da gwiwar, ta zaɓi ƙwai ɗaya bayan ɗaya ta tura ƙarƙashin kazar. Kazar ta sare ta a yatsa, ba ta ko janye hannun ba.